Jikan Iya na Indiya

Abu na farko da na gano da muka sauka Indiya shi ne ƙarya aka daɗe ana yi mana a finafinai. Babu wanda ya tare mu da rawa. Na leƙa ta gilashin filin jirgi ina neman ko mace ɗaya a kan tudu tana waƙa iska na kaɗa mata gyale, sai na ga wani mai gashin baki yana shara. Na kai wa Iya ƙara, ta ce in rufe mata baki in tura keke.

Iya kakata ce, mahaifiyar Baba, ita ta riƙe ni tun yaye. Gidanta yana can ƙarshen Birnin Gwari, inda in ka tsaya bayan danga kana hango bakin daji. Wata rana da hantsi aka yi ihun ga ɓarayin daji nan, unguwa ta watse, Iya ta zurma cikin kwatami da buta a hannu. Ashe ma ba su ba ne, shanun wani ne suka firgita. Amma ƙashin ƙugunta ya riga ya karye. Mai ɗori ya ɗora, ya kama a karkace. A Kaduna suka duba suka girgiza kai. Baba da ƙannensa suka haɗa ƙarfi, aka ce sai Indiya.

Dalili biyu suka sa aka tafi da ni. Ina da Turancin aji biyar na sakandare, wanda a unguwarmu ya isa a aiko a kira ni in karanta takardar magani. Na biyu kuma, Baba ɗan fari ne. Iya ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa. In tana son ya miƙo mata ruwa sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa wancan ana jin ƙishirwa." A wannan tafiyar ni ce bangon.

Tun muna sama Baba ya faɗi sharaɗinsa. Ni ya gaya wa, amma da muryar da har matuƙin jirgi sai da ya ji.

"Rabi, ki gaya wa Iya, in ta dawo tana taka ƙafarta, ɗakinta za ta koma. In a keke ta dawo, Kaduna za ta zauna wurina. Ba zan bar wanda ba ya iya tashi da kansa a bakin dajin nan ba."

Iya ta dubi taga ta ce, "A ce wa wancan ni ba tantabara ba ce, da za a ajiye ni a saman bene."

Zangonmu na farko motar haya ce. Direban ya karɓi takardar masaukinmu, ya karkaɗa kai irin nasu, wanda har na baro ƙasar ban gane ko i ne ko a'a ba. Muka yi ta tafiya. Ni na saki baki ina kallon gari, mutane kamar an fasa gidan tururuwa, hon kuwa kowa dannawa yake kamar ana ba da lada. Can sai Iya ta taɓa ni ta nuna wani ƙaton allo mai hoton mace tana tallan man goge baki.

"Ƙawata, wannan mai haƙoran 'yan huɗu ne, ko mu ne muke zagaye?"

Mu ne muke zagaye. Baba ya yi wa direban faɗa da Turanci, da Turancin ya ƙare ya koma Hausa, shi kuma yana ta karkaɗa kai cikin ladabi. Da ya juya kan mota sai ga masaukin, ashe tun ɗazu muna wuce bayansa.

Dillalin da ya kama mana ɗaki ya turo wa Baba hoto tun muna gida, har da lambu. Da muka isa muka tarar lambun tukunya ce guda, da wani ganye a ciki wanda ya riga mu gidan gaskiya. Ɗakinmu ni da Iya kuwa, in na yi miƙa sai na taɓa gabas da yamma lokaci ɗaya. Abinci ya zo. Ni da nake taƙama a unguwarmu babu mai cin yaji kamata, loma biyu na yi na fara jin muryar kakannina da suka rasu. Iya ta shinshina ta ture. Kwana huɗu shayi da burodi kawai take ci, tana zaune bakin taga tana kallon shanu suna yawo a tsakiyar titi.

"Ba makiyayi, ba kare, ba kowa," in ji ta. "A garinmu da kafin la'asar sun shiga daji."

Ta faɗa kamar wasa, amma na ga ta goge ido da bakin mayafi. Ni ma a ranar na yi kewar gida har da abubuwan da ba na so. Na yi kewar jan ruwa a rijiya. Na yi kewar akuyar Iya mai cin littattafaina.

A ɗakin da ke kallon namu akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar, ta kawo mijinta asibiti daga ƙauye. Ba ta jin Turanci, ba ma jin yarenta. Ta ga farantin Iya yana fitowa yadda ya shiga, sai ta kama hannuna ba ko sallama, ta ja ni wani lungu na kasuwa, ta buɗe bakin wani buhu. Gero. Geronmu sak. A gefensa kuma tsamiya curi-curi. Na yi tsalle har mai shagon ya riƙe sikelinsa. Matar ta ara mini tukunya da injin niƙanta, na dama kunun tsamiya. Iya ta ɗebi ɗanyen geron a tafin hannu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce masa, "Kai ma har nan aka kawo ka?" Ta shanye kofi uku.

Zango na biyu tiyata ce, kuma ba ni da labarinta, don a waje aka bar mu ni da Baba, yana jan carbi ina cin farce. An yi lafiya. Likita ya ce ƙashi ya zauna, saura aikin ƙafa, a kai ta sashen gashi da motsa jiki. A can muka haɗu da abin da ya sa nake wannan rubutun.

Mai kula da mu a sashen wata ce siririya mai suna Sista Mira. Ta ce asibitin yana gwada wani mataimaki, wanda ya ga dama ya yi aiki da shi, wanda bai so ba babu tilas. Sai ta yaye wani ƙyalle a kan tebur.

Mutum-mutumi ne. Tsayinsa bai fi na yaron da aka yaye bara ba, fari fat, kansa kamar an kife ƙwarya, idanunsa suna ba da haske shuɗi. Ya miƙe da kansa, ya juyo, ya ɗaga mana hannu ya yi gaisuwa da Turanci. Ni dai saura kaɗan in suma don murna. A raina har na gama tsara yadda zan ba 'yan ajinmu labari, in ce tsayinsa ya kai rufin ɗaki. Da na waiwaya, Iya ta ja mayafi har hanci tana karanto duk addu'ar da ta sani.

"Tambaye ta, wa ke ciki?"

"Iya, ba kowa. Na'ura ce, kamar rediyo."

"Rediyo ba ta taɓa kallona ba. Namiji ne ko mace?"

Na tambayi Sista, ta yi dariya ta ce wanda Iya ta zaɓa. Iya ta ce namiji ne, ta gani a tsayuwarsa. Na ɗauka za ta ƙi. Sai ta gyara zama ta ce mun zo garin mutane, ba a ture abin da masu gida suka kawo. Ta dubi mutum-mutumin ta russuna da kai.

"Ina kwana, Malam. Ina gajiya. Ya iyali?"

Aikin ba wuya a ido. Shi zai ɗaga ƙafa yana ƙirga, Iya ta kwaikwaya a kan gado, idanunsa suna auna iya inda ƙafarta ta kai. In an gama, sai Sista ta miƙo wani allo mai fuskoki biyar, daga mai dariya har zuwa mai kuka, shi kuma ya tambaya ciwon ya kai ina. Da fuskar da mutum ya taɓa ake sanin ko a ƙara aiki gobe ko a rage. Baba kuwa a baranda yake zama, don Iya ta ce ko sama za ta faɗo ba za ta ɗaga ƙafa a gaban wancan ba.

Iya ta taɓa mai dariya. Washegari mai dariya. Jibi mai dariya, gumi yana zuba daga haɓarta kamar an kunna famfo. In muka koma masauki da azahar sai ta cusa bakin mayafi a baki ta cije, tana nishi ƙasa-ƙasa.

"Iya, me ya sa ba kya taɓa mai kukan?"

"Ke yarinya ce. Bawan Allah ya tsaya a kanki yana wahala dominki, ba ki san shi ba bai san ki ba, ki dubi idonsa ki ce ya ji miki ciwo? Tara na haifa, ko maƙwabta ba su ji ƙarata ba. In kika buɗe baki a wurin nan, ba ni ba ke."

Nan zan faɗi nawa laifin, don ba na son a ji a bakin wani. Sista ta yi shakka. Ta ja ni gefe ta ce anya tsohuwar nan ba ta jin zafi? Ni kuma ga gargaɗin Iya, ga kuma daɗin yadda ma'aikata ke zuwa kallon jarumar Najeriya. Sai na ce mata a garinmu tsofaffi da kura suke kokawa kafin karin kumallo. Na ce Iya ta taɓa ɗaukar ɗan maraƙi a kafaɗa daga daji har gida. Ban san me ya kai bakina ba. Sista ta zaro ido, aka ƙara wa Iya aiki.

Ran kwana na takwas ƙafar ta kumbura kamar turmi.

Likita bai yi ihu ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce a dakata kwana biyar. Ya ce sati uku suka rage mana a ƙasar, kuma ba za su iya aiki da wanda ba ya faɗin gaskiyar jikinsa ba, don za su iya ɓata abin da aka gyara. In haka za a ci gaba, gara a fara koya mata zama da keke. Na fassara wa Iya rabi na haɗiye rabi, amma ba ta buƙaci sauran ba, don ta ji Baba a baranda yana waya da Kaduna yana cewa a fara gyara ɗakin baƙi.

Ranar ko kunu ba ta sha ba. Da la'asar ina shafa mata magani na danna wani wuri, ta kai mini duka.

"Ja'ira, kashe ni za ki yi? Nan ne, nan ƙasan ɗinkin, kamar an ajiye garwashi. In na miƙe kuma ya harba har gwiwa."

Na tsaya da magani a hannu. Abin da likita yake nema kwana takwas, ga shi ta zazzage mini a numfashi ɗaya, har da zagi kyauta. Ni jika ce, babu kunya tsakaninmu. Malam na kan tebur kuwa baƙo ne, kuma muddin yana baƙo, dariya zai yi ta samu har ƙafar ta rube.

Da safe na sami Sista na faɗa mata gaskiya, har da zancen kura. Ta dube ni irin kallon da shugabar makarantarmu take yi mini. Sannan na yi mata bayanin wasan jika da kaka.

"Tsaya," in ji ta. "A wurinku yaro yana tambayar kakarsa yaushe za ta mutu?"

"Kullum. In bai tambaya ba ma sai ta ce ba ya sonta."

"Kuma jika namiji yana kiranta matarsa?"

"Har ya ce ta tsufa zai sake ta."

Ta dafe kai tana dariya. Ta ce mutum-mutumin yana iya faɗin duk muryar da aka ɗaukar masa, amma sai likita ya yarda. Likita ya ji, ya karkaɗa kai, Sista ta ce mini wannan i ne. Muka shiga wani ƙaramin ofis, na toshe hanci na kumbura murya, na zuba rashin kunya iri goma sha biyu. A rayuwata ban taɓa yin aikin da na ƙware a kansa kamar wannan ba.

Da kumburin ya saɓe muka koma. Iya ta ja mayafi, ta russuna.

"Ina kwana, Malam."

Ya juyo da kansa a hankali, idanun nan shuɗaye suka sauka a kanta.

"Ke tsohuwa, har yanzu kina nan? Mun jiƙa gero tun bara muna jiran gumbarki."

Iya ta dube shi. Ta dube ni. Ni kuma na ga ashe fankar ɗakin tana da ban sha'awa ƙwarai. Na san in abin ya ɓaci, ni da Kaduna za mu gaisa tare da ita. Sista ta sake danna allonta na sarrafa mutum-mutumin.

"Amarya, ɗaga ƙafar nan mana, ko sai na sake ki?"

Mayafin ya sauka daga hanci zuwa wuya.

"Ka sake ni?" in ji Iya. "Da wane gidan ka aure ni, kai da ko wando ba ka da shi?"

Na ƙunshe dariya har cikina ya ƙulle. Ya ɗaga ƙafa, ta ɗaga tana harararsa. Ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ta yamutsa fuska.

"Wayyo. Mara mutunci, ka kashe ni ka huta. Nan ne, nan gefen, yana ja kamar igiya."

Ina fassarawa Sista tana rubutawa da sauri. Da aka miƙo allon fuskoki, Iya ta caka wa mai kuka yatsa da ƙarfin da sai da Sista ta riƙe allon da hannu biyu. Aka rage aikin, aka canja wani, aka sa mata ƙanƙara.

A hanyar masauki ina tura ta ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Hanci kika toshe, ko? Kin yi kama da akuya mai mura."

"Kin gane?"

"Ni na yaye ki."

"To me ya sa kika biye masa?"

"Wanda ya zage ni da Hausa ai ya zama ɗan gida."

"Sista fa? Ai tana jin komai."

"Da jikana nake magana. In uwarsa ta ji, ruwanta."

Daga ranar sashen gashi ya zama gidan kallo. Iya ta sa na ɗaura masa hankici a ƙugu, ta ce ba za ta yi miji tsirara ba. Ta raɗa masa suna Ɗan Tsito. Kullum da yamma ina ofis ina ɗaukar sababbin zagi, don in ya maimaita na jiya sai ta ce ƙwaƙwalwarsa ta kifi ce. Yau ta taɓa fuska ta uku, gobe ta biyu, wata rana ta koma ta huɗu ta ce shi ya jawo da baƙin bakinsa. Ba kowa ya karɓe shi ba. Akwai wani dattijo da ya ce shi ba zai bi umarnin abin wasan yara ba, Sista ta rufe Ɗan Tsito da ƙyalle ta yi aiki da shi hannu da hannu, kuma shi ma ya samu sauƙi. Amma mijin maƙwabciyarmu mai gero, da ya ga yadda Iya take yi, sai shi ma ya fara zazzaga wa Ɗan Tsito masifa da yarensu, matarsa tana rufe baki.

Iya ta tashi daga gado zuwa ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, daga shi zuwa sanda. Ranar da ta fara tsayuwa da sanda na yi guɗa, wani ma'aikaci ya shigo da gudu ya ɗauka gobara ce.

Saura kwana biyu mu taso aka yi gwajin ƙarshe. Za ta tashi daga kujera ba mai taimako, ta bi baranda har ƙarshe, ta juyo. Barandar nan da ina tura keke ban taɓa ganin tsawonta ba, ranar kuwa sai na ga ta kai daga gidanmu zuwa kasuwa. Baba yana tsaye can ƙarshe ya juya baya yana kallon taga, don kada ta ji nauyinsa. Sista ta ɗora Ɗan Tsito a kan teburi mai taya tana turawa a gefenta.

Ta tashi. Ta taka. Ni ina baya hannuwana a buɗe kamar mai kamun kaza. Ta wuce ƙofa ta farko, ta biyu. A ta uku ta tsaya, sandar tana rawa. Likita ya matso. Na buɗe baki zan ce wani abu, sai Iya ta ɗago ta dubi likitan, shi kansa, ido cikin ido.

"Gaya masa da ciwo," in ji ta. "Ba mai yawa ba. Zan huta in ci gaba."

Na gaya masa. Ya ce ta huta. Ta yi numfashi biyar, ta ce wa Ɗan Tsito ya daina kallonta kamar maye, ta ci gaba. Ta kai ƙarshe, ta zagaye Baba kamar turke, ta dawo har kujera ta zauna da kanta. Baba bai juyo ba. Ya cire hula ya goge fuska da ita, ya daɗe, sannan ya ce wa tagar, "Rabi, ki kira gida. A share ɗakin Iya, a shanya mata katifa."

Ni na yi rawar da Indiya ta hana ni gani, a tsakiyar baranda, har Sista ta taya ni da kafaɗa.

Ranar sallama Iya ta bi kowa ta yi godiya. Ta rungumi mai gero suka yi ta magana kowa da yarensa, kuma na rantse sun fahimci juna. Daga ƙarshe ta ce a kai ta wurin Ɗan Tsito. Ta tsaya a gaban teburinsa a kan sandarta, ta gyara masa hankicin da ya zame.

"To, ɗan nan, za mu tafi. Tafiya ce mai nisa, ba lalle mu sake ganawa ba. Na zage ka da yawa. Ka yafe mini."

Ya tsaya yana kallonta. Duk cikin abin da na ɗaukar masa babu amsar wannan, zagi ne kawai. Na matsa bayanta, na toshe hanci, na ce, "Na yafe." Muryar ta fito a karye.

"Ba da ke nake ba," in ji Iya, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Ta ci gaba da jira. Sista ta tambaye ni me ake ciki, na gaya mata. Sai ta taɓa allonta. Ɗan Tsito ya ɗaga hannu ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai.

"Madalla," in ji Iya. "Ni ma na yafe maka. Allah ya raya ka."

Ta juya ta nufi ƙofa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai da na ɗan yi sauri kafin na cim mata.